Baƙin Tsuntsun Gwaggo Huldah

Ohio, Afrilu 1851

Gwaggo Huldah,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan 'yata Orpha tana jin magana, kuma allura ta fara zama a hannunta.

Jiya na buɗe akwatin marigayiya Mama, na tarar da ƙyallenta na koyon ɗinki tun tana 'yar makaranta. Haruffan da take ɗinkawa sun tsaya a rabi, jini ya bushe a kai. Inda ake ɗinka sunan malama an tsefe zaren, sai ramukan allura. A kowace kusurwa akwai baƙin tsuntsu. Ke da kika tsufa a koyar da ɗinki, na wace makaranta ne wannan?

'Yarki,
Lovina

Lovina,

Na amsa gaisuwa. Ƙona tsumman. Matacciya ba ta aike ki bincike ba.

'Yarki kuwa bahaguwa ce, kai kamar dutse. Zarenta yana hawa ta baya, duk layin ya karkace. A gidana ba a ɗinki da hagu. Na miƙar da waɗanda suka fi ta taurin kai, ita ma za ta miƙe. Kada ki zo sai kaka.

Huldah Pruett

Yaya Enos,

Gaisuwa a gurguje. Na kai ƙyallen Mama coci ina nuna wa tsofaffi. Tsohuwa Keziah na ganinsa ta dafe ƙirji. Ta ce kowace malama da tambarinta, baƙin tsuntsu na Huldah ne, yayar babanmu. Ita Keziah ajinsu ɗaya da Mama. Ta ce ranar nan Gwaggo ta kama Mama tana ɗinki da hagu, ta danna hannunta a bakin akwatin tebur, ta dinga buga murfin tana cewa, "Wane hannu? Na ce wane hannu?" Sai da ƙashi ya fito. Yara suna ihu, Gwaggo ko gezau.

Yaya, yatsun nan da Mama ta ce doki ne ya taka! Mu kuma muka yarda, sakarkaru. Ni da kaina na ɗauki 'yata na kai wa wannan muguwa, har da godiya.

Cikina ya tsufa, ba zan iya hawa keken doki ba. Kai ne kusa da ita. Ka ajiye garmar nan ka tafi yanzu. In ta ƙi buɗewa, ka sa gatari. In ta tare ka, ka ture ta, alhakin a wuyana. Wallahi in ta taɓa yarinyar nan, da allurarta zan ɗinke mata idanu.

Ƙanwarka,
Lovina

Lovina,

Gaisuwa. Orpha tana wurina.

Sai da na fasa ƙofar. Gwaggo ta caka mini almakashi a kafaɗa tana ce mini ɗan mara kunya, na wurgar da ita kan murhu, haƙorinta ya fita. Ban yi nadama ba.

Na makara, ƙanwata. Likita ya ɗaure wa Orpha yatsu biyu, na ukun ya ce ba ya alkawari. Ba ta kuka. Ta ce in tambaye ki ko za ki yi fushi da ba ta gama ɗinkin ba.

Yayanki,
Enos