Shekarun Dutsen Malam

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Malam, yaya idon nasa? Allah ya ƙara sauƙi.

Mama, ina cikin tsaka mai wuya. Kin san dutsen nan da Malam ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansa, wanda ya rubuta cewa ya taso shekara miliyan ɗari shida da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa biyu suka yi karo. Har yau ina ganinsa a aji yana tura mayafin tebur daga gefe biyu har ya tattare, yana cewa, "To, ga dutse ya tashi."

Na niƙa duwatsun da na ɗebo can, na tsince ƙwayoyi masu ƙyalli da ake gane shekaru da su, na kai wa sabuwar na'ura. Rabin shekarun da Malam ya faɗa ta ba ni. Na maimaita, amsa ɗaya. In na wallafa, na rushe aikin rayuwarsa yana kwance. In na ɓoye, na ci amanar abin da ya koya min. Don Allah kada ki karanta masa wannan, shawara nake nema.

Taki,
Autar ɗaliban Malam

Auta,

Lafiya lau muke, jiki da sauƙi. Kin manta ni ce idonsa yanzu? Yana jin motsin takarda ya ce wa ya aiko. Mutumin da ke lasar dutse ya faɗi irinsa, shi zan yi wa ƙarya? Na karanta masa tas, har da wurin da kika ce kada in karanta.

Wallahi gabana ya faɗi. Can sai ya ce in janyo akwatin ƙarƙashin gado, duwatsun da nake tuntuɓe da su tun ina amarya. Ya yi ta lalube da yatsa, ya ware guda huɗu, ya ce, "A kai mata. Ta niƙa nawa ma, kada wani ya ce nata ne aka ɗebo a gurguje."

Wanda ba ya barin ko in share musu ƙura, yau shi ke cewa a niƙa. Na daɗe da sanin wa na aura, amma ranar sai da na sake kallonsa. Ga su nan, na rage kaya.

Mamanki

Mama,

Ina gaisuwa. Na niƙa su. Na Malam ma sun goyi bayana, kuma ban ji daɗin da na zata ba, kuka na yi. Ki roƙe shi ya yarda in sa sunansa gaba da nawa a kan takardar da zan wallafa.

Auta

Auta,

Ni ne, Mamanki ke rubutawa. Sannu da aiki.

Ban yarda ba. Ban niƙa ba, ban auna ba. Ki sa sunana inda ake ambaton waɗanda aka yi wa gyara, a layin farko, kuma da sunana cikakke. Ina so a san wanda ya koyar da ke.

Allah ya yi miki albarka.

Malam