Ɗakin da Baba Bai Rufa Ba

Gwaggo Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafar taki? Ya su Yaya Haladu da girbin dawa? Ni lafiya lau nake, sai sanyin Liverpool, shi ma an ce ana sabawa.

Jiya sanyin ya kora ni cikin babban cocin Angilika da ke hanyar wurin aikina. Kada hankalinki ya tashi, ɗumi kawai na shiga nema. Na tuɓe takalmina a bakin ƙofa, don ban iya shiga ɗakin ibada da takalmi ba. Wata tsohuwa mai kula da wurin ta biyo ni da su a hannu, ta ce, "'Yata, sa abinki, daɓen nan ƙanƙara ne."

Ita ta ba ni tarihinsa. An fi shekara saba'in ana gininsa, wanda ya zana shi ma ya rasu bai ga an gama ba. Dutsen ja ne, Gwaggo, kamar ƙasar Dayi bayan ruwa. Ina zaune hasken tagogi na sauka a ƙafata, sai na ga kamar ina tsakar gidanmu, Baba, Allah ya jiƙansa, yana jera tubalin ɗakin nan da bai kai ga rufawa ba.

Na ji Yaya Haladu yana so ya rushe shi ya ɗaure awaki a wurin. Don Allah ki hana shi. A lulluɓe kan bangon kafin damina. Ban san ranar dawowata ba, amma ni zan yi masa rufi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Raudatu