Dutsen Bakin Ƙofarmu Bai Tafi Ba

Zuwa ga Baban Yongho, sanyin idona, inuwata ta tsakiyar rani, tsohon da ya tafi ya bar ni da gonar barkono da ciwon gwiwa.

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ruwan kwarinmu yawa. Kanyar bayan gida ta nuna jawur, rassa har suna taɓa ƙasa, babu mai hawa ya tsinko mini. Wa ya ce ka tafi kafin kaka? Kai ne ɗumin ɗakina ranar ƙanƙara, kai ne ruwan farko a kan shuka, yanzu ga ni ina dafa shinkafar mutum biyu ina ci ni kaɗai!

Ga labari. Ka san dutsen bakin ƙofarmu, wanda kake zama a kai kana cire takalman gona, kana yi mini tsiya wai miyata ta yi gishiri? Wata yarinya daga ofishin gunduma ta zo ta durƙusa ta shafa gefensa. Ta ce furen bado ne aka sassaƙa, wai gindin ginshiƙi ne na tsohon gidan sufayen nan na kan tudu, kakanninku suka gangaro da shi bayan wurin ya zama kufai. Suna tattara irinsa su mayar. Yongho ya bugo daga Seoul, wai, "Mama, ki ba su mana, dutse ne fa." Dutse ne fa! Wurin da zamanka ya sa ya yi santsi kamar bayan cokali?

Jiya na ce bari in je in ga inda za su kai shi. Na ja maƙwabciyarmu Boksil, muka hau tudun muna haki, tana cewa, "Ke Gumrye, bi a hankali, mai goya ki ba ya nan." Ka tuna zuwanmu muna sabon aure? Ciyawa har ƙugu, ka ɗora hularka a wuyan kunkurun dutsen nan marar kai, ka ce ga surukina, in gaishe shi. Na yi dariya har na ƙware da dafaffen ƙwai. Wayyo, masoyina, kunkurun yana nan, ba hula.

An aske ciyawar tas. Na ga 'yan'uwan dutsenmu a jere, kowanne da furensa, a tsakiya ga gurbi kamar giɓin bakinka. Zuciyata ta yi laushi, na ce a raina to, ya koma cikin danginsa. Sai ciwon gwiwa ya motsa, na zauna a kan ɗaya in huta. Kafin in sauke numfashi mai gadi ya busa usur: "Kaka, ba a zama a nan!" Boksil ta riƙe ciki tana dariya, wai tsohuwa ta danne tarihi. Na tashi ina karkaɗe zani, sai a lokacin na lura da igiyar da aka kewaye su da ita. Haka za a yi wa naka? In hau tudu da sanda, in tsaya daga nesa ina kallonsa kamar baƙuwa?

Na gaya wa yarinyar yau da safe. Ta auna, ta ɗauki hoto, na cika mata leda da kanyar da hannuna ya kai. Na ce ranar da za a kai ni a kwantar kusa da kai, su zo da motarsu su ɗauka, na yafe. Sufayen sun yi haƙurin shekaru aru-aru, ba nawa ɗan saura ne zai gagare su ba.

Kafin nan, kullum da yamma ina zama a gefe guda, na bar maka wajenka. Kada ka yi fushi da jinkirina, hasken raina, barkono bai gama bushewa ba.

Taka jiya, taka yau, taka har in iso,
Gumrye