Tagar da Baba Yake Fuskanta

Nassarawa, Kano

Zuwa ga Yaya Mahmudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Safina da yara, ya kuma sa albarka a aikin da ya kai ku Doha. Mu nan alhamdu lillahi. Hajiya na fama da gwiwa kamar kullum, amma bakinta lafiya lau, don jiya ma sai da ta wanke ni tas a kan na cika gishiri a miya. Ni kuma kullum ina hanya tsakanin Kawaji da gidan nan, har maigidana ya fara tambaya ko na koma gidanmu ne ban faɗa masa ba.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk ranar da ka bugo waya Baba yana kusa, ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, ka ji muryarsa garau, ka kashe waya hankalinka kwance. Ba ƙarya yake yi maka ba. Ya san sunan kowa, yana karatunsa da ka ba ya tuntuɓe. Matsalar a wani wuri take.

Ka san tun da ya faɗi a matakala muka sauko da shi ɗakin baƙi na ƙasa, kamar yadda ka ba da shawara, kuma shawarar daidai ce, kada ka ɗauka laifi nake ɗora maka. Abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu shi ne taga. Shekara arba'in a ɗakinsa na sama, in zai yi nafila taga yake fuskanta, don ita ce gabas. Tagar ɗakin ƙasa kuwa yamma take kallo. Yanzu da ba ya iya zuwa masallaci, sallolinsa biyar duk a ɗakin nan yake yin su, kuma duk tagar yake fuskanta, ya juya wa alƙibla baya.

Da na fara gani na gaya masa cikin ladabi. Ya yi dariya, ya ce ai ya sani, har ya nuna mini gabas da hannunsa, daidai. La'asar na yi ya miƙe ya fuskanci taga. Na shimfiɗa masa darduma yadda ya kamata, ya zo ya ɗauke ta ya juya, yana faɗan wa ya karkatar masa da ita. Na liƙa takarda a bango na rubuta alƙibla da manyan baƙaƙe, ya karanta, ya yaba rubutuna, ya juya mata baya. Muka sa Lawan direba ya jawo kabad ya toshe tagar. Ranar Baba tsaye ya yi a tsakar ɗaki yana waige-waige ya kasa tayar da kabbara, har sai da Hajiya ta ce a janye kabad ɗin don tausayi.

Likitan da ke duba shi ya yi mini bayani, na kuma gane. Ya ce akwai abin da mutum ya sani a kansa, akwai kuma abin da jiki ya haɗa da wuri ba tare da mutum ya yi tunani ba, kamar yadda hannunka yake zuwa wurin makunnin fitila a ɗakinka ko ba ka duba ba. Ya ce a shekarun Baba tsohon haɗin ya kafu, sabon kuma ba ya kamawa, ko sau ɗari aka maimaita. Na tambaye shi magani, ya ce sai haƙuri. Na tsani kalmar nan a bakin likita.

Mun gwada mayar da shi sama. Lawan da maigadi suka ɗauke shi a kujera, kuma wallahi yana shiga ya tsaya daidai ba wanda ya ce masa komai, har na yi kukan murna. Kwana uku ya yi. A na huɗu aka kira azahar, ƙafafunsa suka yi abin da suka saba, ya nufi matakala zai tafi masallaci ba sanda ba kowa. A taki na biyu Lawan ya cafke shi. Muka sauko da shi a ranar.

Mun so mu bar abin a tsakaninmu, sai ga Malam Inuwa, amininsa na tun makaranta, ya zo duba shi. Suka tashi yin jam'i, Baba ya shige gaba ya fuskanci taga, Malam ya kama kafaɗarsa ya juyo da shi. Bayan sun idar Baba ya kira Hajiya ya tambaye ta tun yaushe yake haka. Ka san ba ta iya yi masa ƙarya. Ta ce wata huɗu. Yaya, ban taɓa ganin Baba yana hawaye ba sai ranar, mutumin da shi yake daidaita wa jama'a sahu a masallacin layinmu. Malam Inuwa ya daɗe yana kwantar masa da hankali, ya ce Allah ba ya kama bawansa da mantuwa, kuma Baba ya yarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, lallashin ya gushe daga kansa, ciwon ya zauna. Ba ya tuna zuwan Malam Inuwa, ba ya tuna wa ya faɗa ko a ina aka faɗa, abin da ya rage masa kawai shi ne an ce sallarsa ba daidai take ba. Yanzu ba ya yarda ya yi salla shi kaɗai. Sai ya yi alwala ya zauna a bakin gado yana jiran wani ya zo ya juya shi, kuma ko an juya shi, yana sallamewa zai tambaya ko ta yi. Na daina sa ran sauƙi, kuma ba na so kai ma ka yaudari kanka.

Shekaranjiya bayan azahar ya riƙe hannuna ya ba ni saƙo gare ka, ya sa na yi alkawarin zan faɗa yadda ya faɗa. Ya ce ranar da za a kai shi makwancinsa, kai yake so ka shiga ramin, ka juya fuskarsa gabas da hannunka, ka duba sosai kafin a rufe, don shi ya daina yarda da kansa. Na ce masa zan isar. Ka nemi hutu ka zo, Yaya, kada ka jira a kira ka, don a Kano jana'iza ba ta jiran jirgi.

Hajiya na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Hanif da Maryam. Ka gaida Anti Safina da kyau. Lawan ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Ku sa Baba a addu'a.

Taka ƙanwa,
Sa'adatu