Ƙofar Da Na Gina Ba Ta San Yatsana Ba

Malama mai filin shawara, sallama gare ki. Taimakonki nake nema, amma ki fara sanin wanda ke magana, kada ki ɗauka ina cikin masu zuwa su cika miki shafi da kuka.

Ni dai ba wanda ya ɗaga ni. A sakandare karatuna ya tsaya, ba kuma don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Da kwanon siminti a ka na fara, ina lebura. Jera bulo da ido na koye shi, ba wanda ya zaunar da ni. Na zama birkila, na fara karɓar aiki da kaina, har ta kai wasu na cin abinci a ƙarƙashina. Yau ina da bene hawa uku a bakin titi: shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, ni da iyalina a sama. Ko bulo ɗaya ban gada ba. Filastar matattakalar nan da hannuna na yi ta, ki zo ki shafa ki ji ko akwai tudu. 'Ya'yana duk sun yi karatun da ban yi ba. Ba yabon kai nake ba, labari nake ba ki.

Autata tun tana ƙarama take kwance mini rediyo ta mayar, har suna ya bi ta. Kowa Injiniya yake ce mata, har mijinta. Ta karanta harkar lantarki, ta buɗe ɗan kamfaninta na sa na'urorin tsaro a gine-gine, ta ce da ginin babanta za ta fara. Na ce ga shi nan, in dai ba za a fasa mini bango a bar shi haka ba.

Gaskiya yarinyar nan ta yi aiki. Akwai kyamara a kowace kusurwa. Babbar ƙofar da ake bi a hau sama yanzu ba ta da makulli, yatsa ake dangwalawa a wata 'yar na'ura, koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe. An ɗauki yatsan kowane ɗan haya. Baƙi kuma maigadinmu Dogo ke ba su kati mai igiya su kara ƙofa ta buɗe, su rataya, an rubuta BAƘO a jiki da manyan baƙaƙe. Komai a haɗe yake a allo guda a ɗakin Dogo, duk wanda ya shiga sunansa ya fito. In hayaƙi ya tashi ƙararrawa za ta yi kuka, ƙofofi su saki da kansu. In wani ya yi ta gwada yatsa ana ƙinsa, hotonsa zai tafi wayar Injiniya nan take, saboda ɓarayi. Ta so ta sa mini wannan ma, na ce a'a, ba na son waya mai yawan tsuwwa, ta bar mini kallon kyamara kawai.

Tun daga nan hankalina ya kwanta. An daina kwance mana kawunan famfo. An daina buga mini ƙofa wai makulli ya ɓata. Ina kishingiɗe a falo nake ganin tela yana share gaban shagonsa yana turo sharar gaban mai shagon magani. Maiɗakina ta ce na samu sabon talabijin wanda ba ya sa talla. Ba ni da abin cewa sai godiya.

To, ga inda matsalar take. Na'urar nan ba ta san ni ba.

Ranar da aka ɗauki yatsu, nawa ne ya fi ba da wuya. Injiniya ta danna babban yatsana, ta canza, ta sake canzawa, can ta ce ya ɗauka. Amma washegari da na dangwala, jar fitila. Na goge a riga, ja. Na hura masa iska, ja. Da na hau sama na duba yatsan nan a haske, sai na ga sumul yake kamar bayan cokali. Siminti ya cinye zanen tas. Duka goman haka suke.

Ki duba fa. Maiɗakina da ko bulo ba ta taɓa ɗagawa ba, taɓawa ɗaya ƙofa ta buɗe mata. Lauyan hawa na tsakiya, mai hannu kamar na jariri, ko tsayawa ba ya yi. Ni da na haƙa harsashin ginin, ni ne zan tsaya ina lallashin ƙofa.

Dabarar da na samo ita ce in riƙo ledojin kaya a hannu biyu, ko in kara waya a kunne kamar ina magana, in yi wa Dogo alama da ka ya zo ya dangwala nasa. Dogo mutumin kirki ne, bai taɓa tambaya ba. Amma kin san abin da ke fitowa a allo duk lokacin da na shiga gidana? Maigadi. Tela ya fara lura. Rannan ya ce wai Maigida ko ledar nan an ɗinke ta ne a hannunka, kullum da ita. Na yi dariya, amma ban ji daɗi ba. Dogo ya taɓa miƙo mini katin nan mai igiya don ya sauƙaƙa mini, kallon da na yi masa bai sake ba. Ni ne baƙo?

Akwai kuma wani abu da ke damuna, wanda ya shafi ingancin aikin. In Dogo ba ya kusa, na yi ta gwadawa ana ƙina, wani lokaci sai kawai in ji ƙas, ƙofa ta buɗe, alhali fitilar tana nan ja. Wato na'urar tana da ranar da take ganin dama. To in haka ne, ɓarawo mai naci ma zai shiga ke nan. Kuma ba kullum take yi ba. Makon da Injiniya ta kwanta asibiti haihuwa, ko sau ɗaya ƙofar nan ba ta tausaya mini ba. Da na gaya wa maiɗakina, cewa ta yi ai na'urar ma hutun haihuwa ta tafi, ta yi ta dariya har da share hawaye, ta ƙi faɗa mini abin dariyar.

Ban gaya wa Injiniya komai ba. Tunda nake ban taɓa buɗe baki na ce wa 'ya'yana na kasa ba. Kuma yaya zan ce mata aikinta na farko yana da aibi, ita da take ɗaukar hoton ƙofar nan tana nuna wa mutane?

Yanzu abin ya zo wuya. Masu wani babban asibiti za su zo ganin yadda tsarin ke aiki, in ya yi musu su ba ta nasu ginin. Shi ne aikin da zai tsayar da kamfaninta da ƙafafunsa. Ta ce ni take so in tarbe su, ni zan buɗe ƙofar a gabansu a matsayina na mai gini, tana faɗa tana murna. Malama, jar fitila a gaban baƙi! Har na yi wa mai walda magana ya zo ya cire na'urar daga babbar ƙofa a mayar da makulli, in ce 'yan haya ne suka yi ƙorafi. Sai na ga wannan ai kashe mata kasuwa ne. Na kuma yi tunanin in ƙirƙiri tafiya ranar. Wanne ya fi sauƙi a ciki?

Abu na ƙarshe. Na ga kuna ɓoye sunayen masu rubuto muku. Ni ban yi abin kunya ba. Ga cikakken sunana nan a ƙasa, har da na mahaifina. Tunda allon gidana ya ƙi rubuta shi, ke ki buga shi yadda yake, kada a rage ko harafi ɗaya.

Mai Bene (an sakaya sunansa)

*

Yallaɓai Mai Bene, na amsa sallamarka, kuma barka da samun jika.

Cikin biyun da ka kawo babu mai sauƙi. Ka sallami mai walda, ka fasa tafiya.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Mutum ya gina wuri da ƙarfinsa, sannan ya riƙa fakewa da leda kafin ya shiga, dole ya ji ciwo, ba kuwa girman kai ba ne kawai. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Masu aikin siminti, masu wanki, da tsofaffi da yawa zanen yatsunsu kan shafe, na'ura ta kasa karantawa. Masu wannan sana'a sun san da haka, shi ya sa ake tanadar hanya ta biyu, kati ko lambar sirri, wani wurin ma fuska. Ba aibin aikin 'yarka ba ne, ba kuma naka ba.

Yanzu ka koma ka karanta wasiƙarka a hankali, domin amsar tana ciki. Kai ka ce in an yi ta ƙin yatsa, hoton mai gwadawa yana zuwa wayar Injiniya. Kai ka ce ƙofar tana buɗewa fitila na ja. Kai ka ce makon da take asibiti ba ta buɗe ba. Ban ga na'urarku ba, amma ni a ganina ba ta da ranar ganin dama. 'Yarka ce ke ganin babanta yana goge yatsa a riga, ta buɗe masa daga inda take, ta yi shiru don kada ya ji kunya. Dariyar maiɗakinka ke nan. Abin da kake ɓoyewa, ina jin kai kaɗai ne a gidan ka ɗauka a ɓoye yake.

Ita ma ban wanke ta duka ba. Da ta zo ta same ka tun farko, da an huta. Tsarin da sai ta ajiye abin da take yi ta buɗe maka ƙofa ba tsari ba ne, kuma ina zargin ranar baƙin ma haka ta shirya yi, yatsanta a kan waya. In sadarwa ta tsinke a daidai lokacin fa? Ku biyun kun ɗora aikin asibitin nan a kan shiru. Ba sai an tambayi inda ta gado halin ba.

Ga abin yi. Ka kira ta kafin ranar, ku kaɗai. Ba sai ka ce ka kasa ba, tunda kalmar tana yi maka nauyi. Ka buɗe mata tafin hannunka kawai ka tambaye ta tun yaushe take buɗe maka. Ka kuma sa ta tabbatar maka da bakinta cewa ƙofar ba ta buɗe wa mai naci, don hankalinka ya kwanta. Sannan ka ce ta yi maka kati naka na kanka. Kalmar BAƘO ba tare da katin aka halicce ta ba, abin da aka ce a rubuta shi ake rubutawa.

Ranar baƙi kada ka riƙe leda. Ka dangwala yatsan a gabansu, fitila ta yi ja, ka nuna musu abin da siminti ya yi masa, sannan ka kara katinka ƙofa ta buɗe. Masu asibiti suna da ma'aikatan da hannunsu ke wuni cikin sabulu da magani. Za su so su ga an yi tunanin irinsu.

Sunanka kuwa ba zan buga ba, ƙa'idar filin nan ce, kuma kana da 'yan haya masu karanta jarida, musamman tela. Jaridar yau gobe an naɗe kaya da ita. Ka kai wa Injiniya sunan cikakke, har da na mahaifinka, ta sa a katin da kuma allon Dogo, inda zai riƙa fitowa duk lokacin da ka shiga gidanka.

Allah ya ba Injiniya aikin, ya raya jika, ya bar ka da lafiyar hawa matattakalarka.