Launin da Ya Ɓace a Kofin Roda

Kunci, 4 ga Maris

Zuwa ga Malam Abdussalam,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Inna Sakinatu. An ce kunnenka ya yi nauyi, ba ka jin waya, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Ni ce Roda Ɗanasabe, ɗalibarka ta kemistiri a sakandare. Shekara tara ke nan ina taimaka wa nas a asibitin ƙauyenmu. Yanzu an ce duk wanda ba shi da takardar shaida za a sallame shi. Makarantar nas kuwa sai da kemistiri, ni kuma sau uku ina faɗuwa. Oxidation da reduction ke kayar da ni. Na haddace, amma da na zauna jarrabawa sai su cakuɗe min. Ka taimake ni, Malam.

Ɗalibarka,
Roda

Gezawa, 11 ga Maris

Roda,

Bayan gaisuwa, na tuna ki, mai zama kusa da taga.

Ki daina hadda. Ki daka ƙwayar ƙarin jini da kuke ba masu ciki, ƙarfe ne a cikinta. Ki jiƙa a kofin gilashi, ki ɗiga ruwan batir kaɗan, ki kula da hannunki. Sai ki kawo ruwan nan mai launin shunayya da kuke wanke gyambo da shi, ki riƙa ɗigawa. Launin zai ɓace. Ƙarfen ne ya ba da electron, wannan shi ne oxidation. Shunayyar ta karɓa, shi ne reduction. Ba mai bayarwa sai da mai karɓa. Ki yi sau goma.

Malaminki,
Abdussalam

Kunci, 20 ga Satumba

Malam!

Gaisuwa mai tarin yawa. Ba sau goma na yi ba, ya fi hamsin, har maigidana Obed ya ce na mai da ɗakinmu asibiti.

Ranar jarrabawar gwaji, wato firatikal, a Kano, da aka ajiye kwalaben sai na ga shunayyar nan tawa. Dariya ta kuɓuce min. Mai sa ido ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ƙawata na gani." Na yi ta ɗigawa, launin yana ɓacewa. Can ɗigo ɗaya ya mai da ruwan launin hoda, alamar an kai ƙarshen gwajin, na tsaya cak.

Jiya sakamako ya fito: na ci kemistiri da B2, Malam! Matan da ke layin awo sai da suka yi guɗa. Makarantar nas zan nema bana.

Taka,
Roda

Gezawa, 23 ga Satumba

Roda,

Alhamdulillahi. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na zaunar da shi na karanta masa takardarki, har liman. Idan kin gama, ki zo ki auna min jini. Ban yarda da hannun kowa ba sai naki.

Abdussalam