Hannun Mutumin Fammar

Daren Laraba, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa.

Da la'asar ina share gaban tasha, jirgin ƙasa ya kusa isowa, sai na ga wani magidanci ya ajiye hularsa da takalmansa a kan benci, ya je ya tsaya gab da layin dogo. Ba jaka, ba tikiti. Nan na gane so yake ya faɗa gaban jirgi. Na san in na yi ihu zan iya firgita shi, don haka na matsa na yi masa sallama, na miƙa hannu. Wa zai ƙi amsa sallama? Ya ba ni hannu, ni kuwa na ƙi saki.

"Malam, ina gajiya? Ya gida? Daga ina?"

"Fammar, ta wajen Kibiya," ya ce.

"Ashe na gida ne! Ni ɗan Rano ne. Dawa ta yi kyau a wajenku?"

Haka na yi ta jero gaisuwa ina janyo shi baya, har jirgi ya tsaya. Sai ya durƙushe yana kuka. Ya ce tun rasuwar matarsa kowa na ce masa ya gida, ba mai tsayawa ya ji amsa.

Na zauna da shi har yayansa da muka kira a waya ya iso daga Kibiya, na roƙe shi ya kai shi asibiti.

Ni ma da safe na ce wa maƙwabcina ya gida ina tafe. Wallahi ban san me ya amsa ba.